Ɗan tayin saniyar Yaya

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina duba nama a wata kwata da ke gefen Zinder, kuma abin da na gani da safe bai taɓa hana ni cin tuwona ba. Hanta mai tsutsa, huhu mai ruwa, duk na sha tona su da hannuna. Amma a shekarar farin da 'yata ta zo hutu daga Faransa, sai da na yi kwana uku ban iya kallon miya ba.

Yarinyar binciken zuciya take yi. Ranar da ta iso, ko ruwa ba ta gama sha ba ta buɗe ordinatar, wato kwamfuta, ta nuna mini wani ɗan nama kamar ƙwayar wake cikin farantin gilashi, yana bugawa shi kaɗai. Wai su suka shuka shi. Ta ce in ƙwayoyin zuciya zalla aka zuba, da naman ya yi kauri sai tsakiyarsa ta mutu, don abinci ba shi da hanyar shiga. Shi ya sa suke haɗa su da ƙwayoyin da ke yin jijiyar jini, yadda mutanen ƙauyenmu ke haɗa gero da wake a gona ɗaya, sai jijiyoyi su yi saiwa su ratsa ko'ina.

Na tambaye ta me abin yake ci, tunda ba shi da baki. Ta ce ruwan jinin ɗan tayin saniya. Wai a can, in an yanka mai ciki, sai a soka wa tayin allura a zuciya tun tana motsi a zuƙe jinin. Tana faɗa tana tauna dabino. Na ce ta rufe ƙazantar nan, uwarta na kawo abinci.

Bayan kwana biyu ta nace sai ta bi ni kwata, wai tana son ganin zuciyar shanunmu na nan. A ƙofa muka tarar da yayana, ya taso daga ƙauyenmu Droum a ƙafa da saniyarsa ta ƙarshe da buhu ba komai ciki a kafaɗa, zai sayar da ita ya auni gero. Saniyar daga tsatson shanun mahaifinmu take. Sauran sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, rumbu ya daɗe da zama fanko, yara sai 'ya'yan anza masu ɗaci na daji suke ci. Saniyar ma ƙashi da fata ce, sai ciki.

Dokar aikinmu, ba a yanka mai ciki, kuma ni ne mai dubawa. Na zura hannu ta bayanta har kafaɗa, na taɓo kan maraƙi, ya kai wata bakwai. Yaya na tsaye yana kallon ƙasa. In na hana, ba za ta iya komawa Droum ba, mushe za ta zama a hanya, buhun ya koma yadda ya zo. In na bari, garken gidanmu ya ƙare daga ranar. Na zare hannu, na goge, na ce wa mahauta ruwa ne kawai, kumburin yunwa. Mutanen da suka tsufa cikin tumbi, sun san ƙarya nake yi, amma suka kayar da ita suka yanka.

Da aka farke cikin, mahaifar ta sulalo ta fashe a kan siminti. Ga tayin nan jiƙe sharkaf, kofatansa laushi, ƙudaje sun riga mu isa kansa, ungulaye sun jeru a katanga suna jira. Ƙirjinsa na bugawa, daidai irin bugun abin nan na farantin gilashi. Yaya ya juya baya. Ita kuwa 'yar tawa sai ta tsuguna cikin jini da kashi, ta ɗora yatsu biyu a haƙarƙarinsa tana kallon agogo. A hankali ta ce an yi asara, da wannan jinin ya ciyar da farantanta.

Ƙyamarta na ji, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da na goya a wuyana, na ji kamar kada ta ƙara taɓa kwanon gidana.

Na ce, "Tashi daga nan. Abin da aka tura ki ki koyo ke nan? A gaban babanki ma ba ki jin kunya?"

Ta miƙe ta goge yatsunta a gefen zane. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ni taɓawa kawai na yi. Ba ni na ce ruwa ne ba."

Mahauta suka dukufa kan fiɗa kamar kurame. Na ɗauki hatimi na buga wa naman, cinya da kafaɗa, hannuna na warin cikin saniyar har cikin farce. Ɗaya daga cikinsu ya kama ƙafar tayin zai jefa wa ungulaye, sai Yaya ya riƙe shi. Ya tsuguna ya jira har bugun ya tsaya, ya ɗaga wutsiyar ya duba, sannan ya zura shi cikin buhun da ya kawo don gero, ya ce zai binne shi a bayan gari.

Da zai wuce ta gabana bai kalle ni ba. Ya dai ce, "Mace ce."

Sabulu biyu na ƙarar a hannun nan kafin azahar, warin bai fita ba.