Warƙar da Na Jiƙa a Ammariyya

Shekara ashirin ina ɗinkin littattafai a Jidda, amma wata Laraba guda ta ƙi fita raina. Ku sababbin zuwa ku saurara, don kada ku ce ban gaya muku ba.

Lokacin ni ne babban mai ɗinki a shagonmu na unguwar Ammariyya, Usman ɗan Hausawan Sudan shi ne mudiri, wato manaja. Ƙa'idarmu, in an kawo aiki, mu ƙirga warƙoƙin takardun a gaban mai su, mu rubuta adadin, shi da mu mu sa hannu. Da hantsi wani dattijo ɗan Bangali, Shafiƙ, direban wani gida a Abhur, ya shigo da ƙunshi cikin jan ƙyalle. Tsofaffin takardu ne rubutun hannu, da baƙaƙen da ban taɓa gani ba. Muka ƙirga, sittin da huɗu.

Ya ce, “Ya akhi, kada kowa ya taɓa sai kai.”

Ya fita, ya dawo ya leƙa, ya sake fita. Tun nan hankalina bai kwanta da shi ba.

Ina jera su na ci karo da wata warƙa mai gidaje murabba'i, goma a tsaye goma a kwance, kowane gida da alama a ciki. Ni ɗan Maraɗi ne, a gaban kawuna mai rubuta hatimi na girma, na san abin in na gan shi. Kun kuwa san ƙasar nan: a samu kayan sihiri a shago, ba iƙama, takardar izinin zama, kaɗai za ta tafi ba, har mai iƙamar. Ga iyalina a unguwar Waziriyya.

Na nuna wa Usman. Ya ce, “Malam Isufu, isbir, yi haƙuri mana. Bari ya dawo mu tambaye shi.”

Na ce, “Wane boka ka taɓa ji ya ce shi boka ne? Jan ƙyalle, kada kowa ya taɓa, me kuma kake jira?”

Ni da taurin kai ba a magana. Da Usman ya tafi salla na zare warƙar, na tsoma ta a kwanon ruwa kamar yadda ake karya irin wannan a gida. Tawadar ta narke, ruwan ya yi baƙi. Na shanya takardar bayan inji, na ɗinke sauran, har ina jin na ceci shago.

Ranar Asabar Shafiƙ ya dawo. Ya shafa bangon, ya yi murmushi, ya fara buɗawa. Can ya tsaya, ya koma baya, ya sake zuwa wurin.

“Ina jadawalin?”

Na ce wane jadawali. Ya ce na sau, biyu sau biyu huɗu. Kakan babansa malamin makaranta ne a Bangal zamanin mulkin Ingilishi, ya rubuta littattafan yara, aka buga. Da mutanen gari suka ƙi tura 'yan mata makaranta, sai ya tara su a tsakar gidansa yana koya musu da wannan littafin da ya rubuta da hannunsa. Duk macen gidansu a wannan warƙar ta koyi lissafi. Shi Shafiƙ kuma ya gama aiki, zai koma gida gaba ɗaya, yana so ya kai wa makarantar ƙauyensu littafin a ɗinke.

Wallahi kunya ta rufe ni. Na so in ce kuskuren ƙirga ne, amma ga sa hannuna. Na faɗa masa gaskiya, na ɗauko takardar a bushe, a murɗe, babu ko ɗigo.

Usman ya yi ƙasa da murya ya ce wa Shafiƙ: “Ya ammi, in ka kai ƙara wurin kafili, ubangidan da ya tsaya masa, halas, aikinsa ya ƙare.”

Shafiƙ ya daɗe yana juya ta. Sannan ya miƙo mini ya ce, “Mayar da ita wurinta. Ka ɗinke ta haka. In sun tambaya, ni zan ba su labari.”

Na warware ɗinkin, na mayar da farar takardar tsakanin 'yan uwanta, shi yana tsaye yana kallo.

Don haka nake gaya muku, abin da ba ku iya karantawa ba, ba ku da hurumin yanke masa hukunci. Ku tambayi mai shi, ko da kuna ganin ƙarya zai yi. Ni dai yanzu a wani ƙauye can Bangal akwai littafi mai warƙa guda fara, kuma duk yarinyar da ta tambayi dalili, labarina ake ba ta.