Tutar da Inna Ta Tace Gasara da Ita

Ranar sha huɗu ga watan Yuli ce, a daminar da ta rage kaɗan Faransawa su tafi, na tsinci kaina a filin bariki na Tasawa, ina yarinya, ƙafafuna a kumbure. Katorzu muke ce wa ranar, sallar Nasara. Gardin kumandan, dogarin Baturen mulki, shi ne ya zo ƙauyenmu, ya ce kowane gida ya fito a je a yi tafi. Lokacin noman farko ne kuwa, gero ya kai tsawon tafin hannu, ciyawa na bin sa a guje. Baba ya jingine hauyarsa, muka kama hanya a ƙasa.

A tsakiyar filin an kafa wani dogon itace, an mulke shi da sabulu da mai, an rataya kaya a ƙolinsa, har da ɗan buhun shinkafa. 'Yan lakwal, yaran makarantar boko, na rera waƙar da su ma ba su san ma'anarta ba, Nasara na zaune a inuwa suna dariyar masu sulluɓowa. Yayana Idi ya ƙyalla ido kan shinkafar nan, don ya san abin da muka baro a gona. Ya cika aljihunsa da toka, ya ce, "Bari na gaba su goge man da cikinsu." Ya yi ta jira, ya yi ta jira, har jiran ya wuce kima. Ya shafa toka ya hau, ƙirjinsa duk ya saɓule, amma wani ya riga ya sauko da shinkafar. Ba abin da ya rage sai 'yar tuta mai shuɗi da fari da ja, ita ya sauko da ita.

Ruwa ya tsare mu kwanaki a hanyar dawowa. Ko da muka isa, ciyawa ta shaƙe geron. Inna ta juya tutar, ta ja ta, ta ce, "Yadin dai mai kyau ne." Da ita ta riƙa tace gasara har ta yage, a shekarar da kokonmu bai fi ruwa kauri ba.

Yau ga ni a Bin Omran, a Doha. Wankan jego na zo yi wa 'yata, korona ta rufe hanya, zama ya miƙe har gasar ƙwallon duniya ta same ni. Jikata Hadiza, babbar 'yar gidan, ta shigo da irin tutar nan a kafaɗa, tana cewa, "Yalla Kaka, riƙe min, yau Faransa za ta buga!" Ita ce ta gaya min asalin Katorzu: wai talakawan Faransa ne yunwa ta ishe su, suka fasa kurkukun sarkinsu. Ashe bikin masu jin yunwa muka bar gonarmu muka je yi wa tafi, ba wanda ya taɓa faɗa mana.

Idi ya daɗe da rasuwa. Na murza tutar da yatsuna, na ji santsi kamar leda. Na ce, "Ƙawata, wannan ko gasara ba za ta tace ba."

Ta yi dariya ta fice. Ni kuwa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa nake nema, a garin da ruwa ba ya sauka a Yuli.