Ƙanena Sanusi ba ma'aikacin wutar lantarki ba ne

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena, Dakta Sanusi. Allah ya jiƙansa. Na ɗauki alƙalami ne don in gyara wata magana da ta fito daga bakina, ta zauna a bakin jama'a.

Ranar zaman makoki a gidanmu na Boɗinga, dattawa suka yi ta tambayata aikin da marigayin yake yi a jami'a. Na ga bayanin zai yi tsawo, sai na ce, "Aikin wutar lantarki." Magana zarar bunu. Har yau in aka ɗauke wuta, sai ka ji wani a kasuwar Shagari ya ce da Dakta na nan da ba a yi mana haka ba. Da zai ji, dariya zai yi. Ni ba na dariya.

Ga aikinsa, yadda ya taɓa faɗa mini muna dawowa daga Kajiji a kan babur. Na ɗaya, iska in ta yi zafi fiye da kima takan koma wani abu da ake kira filasma, irin na cikin walƙiya da bakin wutar mai walda. Na biyu, masana na tsare ta da maganaɗisu don su sami makamashi, amma ba ta zama lafiya, sai ta yi ta tangaɗi har ta kuɓuce. Na uku, shi yana binciken yadda za a harba mata ƙwayoyin ilektiron, 'yan mitsi-mitsin nan da ke ɗauke da lantarki, a jere, su kwantar da ita. Ya nuna mini garke a gefen hanya, ya ce, "Yaya, kamar shanu ne in sun firgita. Makiyayi ya shiga da hankali, su natsu. Ya shiga da gudu, shi za ya watse su."

Watan jiya 'yarsa Asma'u, wadda ta tashi a hannuna, ta durƙusa ta ce za ta nemi karatun injiniyan lantarki. Na tambaye ta dalili.

"Sahun Baba nika son bi, Baffa."

Yarinya za ta ɗora rayuwarta a kan amsar da na bayar don in huta da tambaya. Na zaunar da ita, na jero mata ukun nan, na ce ni na ɓatar da ita. Sai ta ce:

"To Baffa, ya samu filasmar ta kwanta?"

Ban sani ba. Ban taɓa tambayarsa ba.

Sanusi bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari tambaya ce da bai gama amsawa ba, kuma saura kaɗan in binne ta tare da shi. Asma'u ta ce in ba ta lokaci ta yi tunani. A gidana ni ke yanke magana, amma wannan karon ina jiran tata.