Kan Ƙanwata

Abin ya faru bayan mun baro Wagini saboda mutanen daji, kafin a canza takardun kuɗi, a daminar da katangar gidan da muka sauka a Batsari ta zube. Ban san lissafin boko ba, da irin waɗannan nake riƙe shekaru.

Ni mai kitso ce. Ba yabon kai ba, daga Wagini har Safana duk amaryar da ta amsa sunanta a zamanina ta zauna tsakanin gwiwoyina. Amma kan da na fi so na ƙanwata ne. Gashi baƙi wuluk, cika da tsawo, sai ya sha man shanu yake kwanciya. Tun muna 'yan mata ba ta taɓa miƙa wa wata kanta ba.

Sankarar mama ta kama ta. Aka kai ta babban asibiti a Katsina, aka cire abin da za a cire, aka shiga yi mata ƙarin ruwa mai magani. Ta dawo, Sallah ta matso, ta zauna gabana na yi mata shuku. Na sa kibiya na tsaga, na kama gashin, sai ya biyo hannuna. Ban ja ba, wallahi ban ja ba. Na dunƙule shi na tura ƙarƙashin tabarma.

Ba ta waiwayo ba ta ce, “Yaya, daina ɓoyewa. Ina jin iska a ƙeyata.”

Kafin wata ya mutu kan ya zama kamar bayan ƙwarya. Ta ɗaura kallabi, ko a gabana ba ta cirewa. Ni kuwa ba abin da nake roƙo bayan lafiyarta irin gashin ya dawo, ta sake jingina da gwiwata.

'Yarta ta fari, wadda ni na yaye ta na riƙe, tana jami'a tana karatun haɗa magunguna. Ta zo hutu, na ga ta sayo ƙaro a kasuwa tana tsince dattinsa a faifai.

“Ke 'yar nan, tawada za ki dama ko hula za ki wanke?”

Ta yi dariya. “Inna, aiki ne. Maganin da ake sa wa Umma, in ya shiga jini ba ya tambaya. Duk abin da ke saurin tsiro a jiki faɗa masa yake, ciwo ne ko gashi. Mu so muke mu naɗe shi cikin 'yan ƙwayoyi na ƙaro ko na sitaci, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Su bi jini a rufe, sai sun isa inda ciwon yake su saki maganin a hankali. Kwanson kuma ya narke, jiki ba ya faɗa da shi.”

Na ce, “Su wuce kai ba su tsaya ba?”

“Fatan ke nan. Ko ba duka ba, ɓarnar ta ragu.”

Uwar tana kwance a ɗaki, ashe tana ji. Ba ta kiran sunan 'yar fari, sai ta ɗaga murya ta ce da ni, “Yaya, ce wa 'yarki ta yi sauri mana. Ƙaron ma ni zan saya.”

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta ce nasu har yanzu a kwalabe yake, daga nan sai a gwada a kan ɓeraye, mutum yana can nesa.

“To Allah ya ba ɓerayen lafiya,” in ji ƙanwata. Muka yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

Da aka dakatar da ƙarin ruwan, gashin ya fara tsirowa, laushi kamar na jariri. Kullum da hantsi sai na zame kallabin, ta bar ni yanzu, na shafa mai, na gwada kamawa da yatsu biyu. Ya kuɓuce. Na ce saura kaɗan. Ta ce, “Haka kika ce jiya, tsohuwa mai ƙarya.”

Ciwon ya koma ƙirji. Wata la'asar ta kama hannuna ta ɗora a kanta. “Na rage miki aiki, Yaya. Ranar wankana ba sai kin tsefe ni ba.”

Na ce ta rufe mini baki.

Ni na yi mata wankan. Mata suna miƙo ruwa, na zo kan, babu abin tsefewa kamar yadda ta faɗa. Amma da ya jiƙe sai ya miƙe, ya kamu a yatsuna. Na tsaya. Matar maƙwabcinmu ta taɓa kafaɗata ta ce maza suna jira a waje. Na ce su jira. Na kitsa mata guda uku, gajeru, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, sannan na bari aka rufe.

Mijinta ya bi ta da rani. Matar maƙwabcin ma ta rasu. Cikin waɗanda suka san kan nan da cikarsa, saura ni, da wani ƙanenmu kurma a Yasore, da yarinyar, tana can wajen kwalabenta. In ta bugo waya nakan tambaye ta ɓerayen, ta ce, “Inna, da saura.”