Baƙin Ramin da Ya Farka Ranar Shuka

A ƙauyenmu na wajen Gangara, ranar da ruwan fari ya jiƙa ƙasa ba mai wani uzuri. Ko marar lafiya lallaɓawa yake ya bi masu sungumi yana zuba iri. Ni kuwa a irin wannan rana na rataya jakar kwamfuta na ce Tanout za ni, kuma har yau ban ga abin da zan ba wani haƙuri a kai ba.

Hutu na zo daga jami'a, inda nake bincike a kan baƙin rami. Gawar ƙaton tauraro ce, ta dunƙule har haske ba ya iya kuɓuce mata. Aikina in auna saurin juyawarsa. Ba a ganinsa sai ya fara zuƙar iskar tauraron da ke kusa da shi. Iskar takan kewaye shi ta yi zafi, ta fitar da hasken X, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. In ramin na juyi da sauri, iskar tana matsowa dab da bakinsa kafin ta faɗa, alamar ƙarfen da ke cikin hasken kuma ta baje. Daga yadda ta baje muke gane saurin. Wanda nake bi ya yi shekaru yana barci, in ya farka kuma ba ya daɗewa.

Da safen nan na hau tudun bayan gari, inda waya ke kama rezo, sai ga saƙon abokan aikina: ya farka. Ni ke da alhakin duba bayanan farko, in faɗa ko lokaci ya yi da za a roƙi a juyo da tauraron ɗan'adam ya kalle shi sosai. Rezon tudu ba zai jawo bayanan ba, sai na birni.

Na iske yayana, wanda ke riƙe da gandunmu tun rasuwar Baba, yana gyara ƙotar sungumi.

"Yaya, tafiya ta kama ni."

"Yau? Ƙasa jiƙe?"

Na yi masa bayani iya iyawata. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Ramin nan naka, shi zai ci da Inna bana?"

"Yaya, kai ma in ruwa ya sauka ba ka cewa sai gobe. Nawa ruwan ne ya sauka."

"To sauka lafiya. Gayaunarka kuwa, kai ka san ta."

Gayauna ita ce 'yar gonar da ake ware wa kowane namiji a gefen gandu. A wajenmu ko wanda ya tafi ci-rani Libiya 'yan'uwa na shuka masa tasa, shi ya sa na ɗauka fushi ne kawai. Na hau moto, wato babur, raina a ɓace.

A Tanout na laɓe a shagon wani abokina, ga zafi, ga wuta na ɗaukewa tana dawowa. Da bayanan suka sauka na ga alamar ƙarfen ta baje warwar, sai da na yi kabbara, masu sayen sukari suka juyo. Na aika cewa a kalle shi yanzu, aka kuwa kalla. Ramin ashe juyi yake kamar ba gobe. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Da na koma, ƙasa ta bushe. An shuke gandu kaf, gayaunata na nan fayau. Inna ta ja ni ɗaki ta ce, "Ka je ka ce wa yayanka ka yi kuskure, in an yi ruwa na gaba zai shuka maka." Na ce, "Inna, wanda ya tafi neman kuɗi ana shuka masa. Ni da na tafi aikina ne zan durƙusa? Wallahi ban yi kuskure ba."

Ruwa na biyu ya makara. Na shuka abata ni kaɗai, ina sara ina komowa ina zuba iri, masu wucewa kasuwa na yi min sannu da aiki suna ƙunshe dariya. Geron Yaya ya fi mutum tsawo, nawa ko kai bai fitar ba. Na yanke shi na zuba wa awakin Inna.

Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, don tun ina yaro hannuna da na Yaya a kwano ɗaya suke. Muna gaisawa, muna bin sahu ɗaya a masallaci. Amma har yau in na je gida, kwano biyu Inna ke aikowa zaure.