Dogon Taku a Rigar Sallah

'Yata ta fari ce, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba. Haka na tarar ana yi a gidanmu, haka ni ma na yi. In ina nemanta sai in ce "ke", ko in aiki ƙanwarta ta kira min ita. Ba na yabonta a gaban mutane, ba na shiga rigimarta, in tana kuka a tsakar gida sai in nemi abin yi a kicin. Wannan ita ce kunyar 'yar fari. Wadda ke da bakin magana a kanta ita ce yayar maigidana. Yara suna ce mata Gwaggo, ni ina ce mata Yaya, ita kuma tana ce min Amarya ko bayan na haifi biyu.

A Kawo muke lokacin, a wani gida bayan tasha, inda tun da sassafe ake jin 'yan kamasho suna kiran Zariya da Kano. Maigidan ma'aikacin gwamnati ne, yana fita da safe ya dawo bayan la'asar. Yaya ta dawo wurinmu da zama bayan rasuwar mijinta, ta zo da akwatunanta da keken ɗinkinta. Baƙin keke ne mai ƙafa, tana ajiye shi a baranda inda haske yake. Ba ta ɗinki don kasuwa, sai kayan gida da na 'yan uwa, amma hannunta yana da kyau, wannan ba zan hana mata ba.

Yarinyar sikila ce. In ciwon ya tashi, ƙasusuwanta ke ciwo har ba ta son a taɓa gadon da take kwance. In ya lafa sai ta tashi a rame, idanunta sun yi ruwan ɗorawa. Ƙanwarta ta riga ta fi ta tsawo da kauri, baƙo kan ɗauka ita ce babbar. Makaranta rabi tana zuwa, rabi tana gida, kuma duk ranar da take gida tana kan 'yar kujera kusa da keken.

Akwai wani gwangwanin alewa da Yaya ke zuba 'yan ƙarafunan da ke danne yadi a ƙarƙashin allura. Takalma muke ce musu. Akwai mai faɗi na ɗinkin yau da kullum, akwai siriri na sa zif, akwai mai murɗaɗɗen baki kamar katantanwa wanda ke naɗe bakin yadi ya yi kalmasa, akwai na tattara. Yarinyar ta san su duka. Kafin Yaya ta buɗe baki ta miƙa mata wanda take so.

"Hajiyar asibiti ta fi uwarta kai," in ji Yaya. "Amarya ko maɓalli ta sa sai ya karkace."

Yarinyar takan yi dariya. Sunan ba ya damunta, ko kuma ba ta nuna ba.

A gefen dama na keken akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗagawa ko a sauke, shi ke sa takun allura ya yi tsawo ko ya gajarce. A nan Yaya ta fi yi mata bayani, ina jin su daga kicin.

"Kayan da za su zauna, ƙaramin taku. Ki kashe ɗinkin a farko, ki kashe shi a ƙarshe. Abin da kika san za a farke, ki ba shi dogon taku, kada ki kashe. Ranar da aka tashi, zare ɗaya za a ja ya biyo."

"In kuma mai kayan za ta girma fa, Gwaggo?"

"Sai ki bar mata yadi a kalmasar ƙasa. Amma jikin rigar ƙaramin taku dai. Yaro mai girma gudu yake yi, dogon taku ba ya riƙe shi."

Ita ta koya mata juya riga. Duk kayan da aka kawo gidan, ko na wane tela ne, sai yarinyar ta juya cikinsa waje ta duba, ta ce wannan ya yi sauri, wannan bai kashe ba. Har kayan baƙi takan leƙa in sun cire mayafi.

A shekarar da nake magana a kai, ciwon ya kwantar da ita kafin azumi, kwanciyar da ba ta taɓa yin irinta ba. Sai da aka ƙara mata jini. Muna asibiti maigidan ya sayo musu leshi na Sallah, ita da ƙanwarta, mai ruwan sararin sama. Shi ne leshinsu na farko. Da na gaya mata, ta ce in roƙi Gwaggo ta jira ta, tana so ita za ta miƙa takalma. Na faɗa wa Yaya. Ta ce Sallah ba ta jiran mara lafiya. Kafin a sallame mu ta gama ɗinkin ta kulle a akwati.

Ranar jajibiri da hantsi ta fito da kayan. Ƙanwar ta fizgi nata ta ruga ɗaki. Yarinyar kuwa ta zauna a kan kujerarta, ta shafa leshin, sannan ta juya cikin rigar waje kamar yadda aka koya mata. Ina tsaye ina tankaɗen gari, ina kallonta ta gefen ido.

Ta daɗe tana dubawa. Ta bi gefen rigar da yatsa daga hammata zuwa ƙasa. Sai ta tashi a hankali ta shiga ɗaki, ta fito da rigar ƙanwarta, ta juya ita ma, ta jera su a cinyarta. Ta ƙanwar ƙaramin taku ne, an kashe ko'ina, an datse ragowar yadi, an naɗe baki da takalmin kalmasa. Tata kuwa dogon taku ne tun daga wuya har ƙasa, bakin zaren yana lilo ba a kashe ba. Ba a datse komai ba. An ninke yadi mai yawa a kowane gefe an kwantar da shi a ciki. Ta ɗora tata a kan ta ƙanwar, ta buɗe ninkin da yatsa. Faɗin ya zo daidai.

"Gwaggo, tawa ba ki gama ba."

"Na gama."

"Dogon taku ne."

"Leshi ne, Hajiya. In na yi masa ƙarami, ranar da za a farke sai ya yage."

"Wace rana?"

Yaya tana warware zare daga wani tsohon zane, ba ta ɗago ba. "Ke dai ki sa kayanki gobe ki yi kyau."

"Wace rana, Gwaggo?"

Jirgin sojoji ya taso daga wajen Mando ya wuce ta kanmu. Yaya ta ci gaba da warware zarenta. Yarinyar ta juyo ta dube ni. Ba ta saba dubana a gaban mutane ba, ta san ba zan tanka ba.

Na ajiye rariya. Na ce, "Yaya, a sake bi mata da ƙarami."

Yaya ta ɗago ta ƙare min kallo, har da ɗan murmushi. "Ikon Allah. Yau 'yar fari ake tsaya wa? Lallai zaman Kaduna ya yi miki daɗi, Amarya."

"Ba zai ɗauki lokaci ba."

"Ni na ga irin wannan ciwo a gidanmu tun ba a haife ki ba. Na san inda yake kaiwa. Ba ni na ɗora mata ba, kuma ba zan lalata leshi don a ji daɗi ba." Ta sunkuya ta kwance takalmin da ke jikin keken, ta zare ƙoshiyar zare daga ƙasa, ta jefa su cikin gwangwanin, ta shige ɗaki da shi.

Da maigidan ya dawo daga cefane na same shi a ɗaki na gaya masa. Ya ɗaga rigar ya juya ta, bai ga komai ba. Ya ce ai wuri aka bar mata don ta girma, ya kamata ma a gode wa Yaya. Yarinyar tana bakin ƙofa.

"Abba, wurin girma a ƙasa ake barinsa."

"To, tela. Ku dai mata ba ku rasa abin magana ranar jajibiri." Ya miƙa min rigar ya fita alwala.

Bayan azahar Yaya ta tafi maƙwabta kitso. Yarinyar ta zo ta same ni a kicin da rigar a hannu, da allurar hannu, da zaren da ta tsinta a aljihun keken.

"Umma, bi min."

Ban iya ɗinki ba, Yaya ba ta yi ƙarya ba. Na sauke tukunya, muka shiga ɗakina na saki labule. Ita ta zura zaren. Ta nuna min yadda zan soka allurar in koma baya kaɗan in sake fitowa gaba, don ɗinkin ya kama kamar na keke. In na yi tsalle sai ta ce, "Ya yi tsawo, Umma, koma." Ta zauna jikinta yana taɓa nawa. Rabon da ta zauna haka tun tana goye. Ina jin numfashinta a kafaɗata, gajere, mai ɗan sauri.

Ɗinkin ya fito a karkace, wani wuri ya tattare. Amma ƙarami ne, kuma a ƙarshen kowane layi ta sa na kashe shi har sai da ya yi ƙulli. Ta ja da hannu biyu ta gwada. Bai motsa ba. Ta juya rigar daidai, ta ninke, ta ce, "Yanzu tawa ce."

Ta sa ta ranar Sallah. Sun je yawon Sallah Unguwar Sarki gidan kakanninsu, ta dawo a gajiye amma ba ta yarda ta cire ba sai da magariba. Ta sake sawa da Babbar Sallah. Daga ranar jajibirin nan ba ta ƙara zama kusa da keken ba. In Yaya ta ce, "Hajiya, miƙo min na zif," sai ta ce ƙafarta na ciwo. Yaya ta koma kiran ƙanwar, wadda ba ta san na zif daga na tattara ba.

Da damina ta yi nisa, sanyin ruwa ya tayar da ciwon. Wannan karon bai lafa ba. Ta rasu wata ranar Talata da rana, ana cin kasuwar Kawo, hanya ta cushe har motar da ta ɗauko mu daga asibiti ta daɗe a tsaye. Mata sun cika gidan. An yaba min da ban yi kuka a gabansu ba.

Bayan sadakar bakwai aka fito da kayanta don a raba wa mabukata. Na ɗauke rigar leshin na sa a gefe. Na ce ko dai a bar min ita, ko a bayar da ita yadda take, can nesa. Yaya ta miƙo hannu ta ɗauka.

"Leshi sawa biyu? Ga ƙanwarta?"

Na dubi maigidan. Ya ce, "Kaya ne fa. Ki bar Yaya ta yi abin da ya dace."

Washegari da hantsi ta zauna a baranda da rigar. Ta juya ta, ta nemo bakin zaren a wuya, ta ja. Nata zaren ya biyo ta sumul, ta yar. Rigar ba ta buɗe ba. Ta kai ta kusa da ido.

"Wane ne ya yi min wannan aika-aikar?"

Na ce ni ce.

"Da ganin hannun ai. Kamar kaza ta yi tonon ƙasa." Ta aiki ƙanwar ta sayo mata reza.

Yini ta yi tana farkewa. Tana tsinke takun ɗaya bayan ɗaya, tana tsaki, tana hure guntayen zare daga cinyarta. Inda muka kashe ya ba ta wahala, sai da ta sa haƙori. Ina kicin ina jin ƙaramar ƙarar rezar. Na yi tuwo, na yi miya, na kai mata nata, ta ce in ajiye hannunta ba sarari. Kafin la'asar ta gama. Ta goge yadin, ta buɗe ninkin, ta ɗaura takalmi mai faɗi, ta mayar da ɗan ƙarfen nan wajen ƙaramin taku. Ta kashe farko, ta kashe ƙarshe. Ba ta ko sake auna ƙanwar ba, awon yana nan tun azumi.

Abu ɗaya ne guga bai gyara ba. Allurar da muka yi amfani da ita mai kauri ce, kuma na soka ta kusa da kusa. Ta bar layin 'yan huji a jikin leshin, daga hammata zuwa ƙasa, dama da hagu, a karkace yadda na yi shi. Da aka buɗe ninkin, layin ya dawo waje, a bayan rigar da gabanta. Yaya ta ce ba mai lura, kuma gaskiyarta, ba wanda ya taɓa lura.

Da wata Sallar ta zagayo, ƙanwar tana da rigar leshi biyu iri ɗaya, Yaya ta ce ta sa wadda ba ta tsufa ba, wato wadda aka farke. Muka fita zuwa Unguwar Sarki a ƙafa har bakin titi. Ƙanwar tana gabana tana tsalle, rana tana dukan bayanta. Tsakanin layukan hujin nan biyu ina ganin faɗin yayarta daidai, kafaɗa zuwa ƙugu, ɗan siriri. Yaya ta waiwayo ta ce in ɗaga ƙafa, Amarya, za mu rasa mota. Na ɗaga ƙafa.