Ƙofar Tsakiya a Motar Fergal

Shekara ashirin da shida Fergal Tuohy yana jan bas a Dublin, ko madubin motar wani bai taɓa gogewa ba. Tun rasuwar matarsa, gida sai shi sai butar shayi. 'Yarsa tana Ostareliya, ba ta kira sai Kirsimeti. Duk maganar da yake samu a yini a bakin ƙofar mota take, don a garin nan ba a sauka ba a ce wa direba "an gode" ba. Ko mashayi ya san wannan.

Sai manyan kamfani suka zo da gyara. Sababbin motoci, a shiga ta gaba a sauka ta tsakiya, wai a daina turereniya. Direba kuma aka rufe shi a kejin gilashi saboda 'yan iska masu tofa yawu. 'Yan iska kam akwai su, ba musu. Amma wanda ya zana motar nan, da gani bai taɓa yin awa takwas ba wanda ya ce masa ci kanka ba.

Kowa ya bi doka, ban da Nuala Breen, wata tsohuwa mai sanda da ke zuwa kasuwa duk Talata. Ita in za ta sauka ƙofar gaba take zuwa, ta ƙwanƙwasa gilashin.

"Buɗe min nan, yaro. Ni buhun dankali ce da za a sauke ta baya?"

"Iya, doka ce fa."

"Dokar gidan uban wa? Ji shi, ya fi motar tsufa, wai doka."

Sai ya yi dariya ya buɗe. In ta dire ta ce, "An gode, direba. Je ka yi aski, don Allah." Wannan yake juyawa a ransa har wata Talatar.

Ashe kyamara tana kallo. Aka kira shi ofis, aka nuna masa kansa a bidiyo yana buɗe mata sau goma sha ɗaya. Aka ce in ya ƙara ko sau ɗaya, gareji za a mai da shi yana jera motoci, inda ba fasinja ko ɗaya.

Ran Talata ta ƙwanƙwasa. Bai iya ɗaga ido ba, ya dai nuna mata baya da yatsa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya tana dafa ƙarafuna. Ta madubi ya ga bakinta yana motsi da za ta sauka. Godiya ce ko zagi, gilashi bai bari ya ji ba.

Da mako ya zagayo ya hango ta a tasha da jakarta. Ta gane shi sarai, ba ta ɗaga hannu ta tsayar da shi ba. Duk da haka ya rage gudu, har ya kusa tsayawa. Ta kau da kai tana duban shago. Mai motar bayansa ya danna masa oda, sai Fergal ya wuce.